Tarihin Rayuwata, Kashi na 6: Daminar da Na Yi Kiwon Talibambam

A makon jiya na tsaya a inda na faɗo daga kan tsamiya, ƙafar hagu ta karye, aka ɗauko mai ɗori daga wajen Ringim ya ɗaure ni da kara da tsumma. Ya ce kada in kuskura in taka ƙasa sai ya dawo. Farkon damina ne, kowa yana gona, gida daga ni sai Kaka sai kaji.

Ƙanena ne ya tausaya mini. Wata safiya, bayan an kwana ana ruwa kwaɗi sun hana gari barci, sai ga shi daga kududdufin bayan gari da tsohon kasko. A cikin ruwan akwai wani dogon zare mai yauƙi, baƙaƙen ɗigo jere a cikinsa kamar carbi.

"Yaya, ƙwan kwaɗo ne, ka riƙa kallo."

Inna ta ce a fitar mata da shi, kwaɗo ke jawo maciji. Kaka ta ce, "A bar wa mijina dukiyarsa. Tunda noma ya gagara, ai sai kiwo." Har tabarau ɗin marigayi Malam ta ciro mini daga adaka, na riƙa kara shi a kan ruwan.

Washegari ɗigon nan ya yi ɗan tsawo kamar tsakin shinkafa, yana juyawa a hankali cikin yauƙinsa, ba tare da ya lanƙwasa ko'ina ba. Sai da na shiga makarantar horon malamai na gane dalili: wasu gasu ne ƙanana a fatarsa, ido ba ya ganinsu, suke kaɗa ruwa tun tsoka ba ta fara aiki ba. Daga nan sai ya fara tanƙwarewa gefe guda kamar lauje, ya huta, ya sake. Can kuma sai dama, sai hagu.

Da suka ƙyanƙyashe na zaci iyo za su kama nan take. Ina! Maƙalewa suka yi jikin yauƙin da ganyen da ƙanena ya jefa, da wani abin manne da ke ƙasan bakinsu, suna reto kamar matattu. In na taɓa ɗaya da tsinken tsintsiya sai ya fizge, ya yi 'yar wutsil-wutsil, ya faɗi ƙasan kasko a kaikaice. Bayan 'yan kwanaki kuwa kama su ya fi ƙarfina. Jela ce kawai ke aiki, motsi ya taso daga gindin kai ya bi ta har tsini, su yi gungu suna kankare gansakuka.

Inda na fi daɗewa ina kallo shi ne fitowar ƙafafu. Na baya ne suka fara, wasu 'yan tsiro a gindin jela, ana jan su a ruwa ba su tsinana komai, kamar dai tawa ƙafar da ke miƙe a tabarma. Sannu a hankali yatsu suka rabu, gwiwa ta fito, sai ka ga an ɗan yi harbi da su in jela ta gaji. Na gaba kuwa a ɓoye suke girma ƙarƙashin fata, rana ɗaya gwiwar hannu ta huda ta fito. A wannan tsakanin talibambam ba shi da ta cewa: iyon ya lalace, tsallen bai zo ba, ga ƙafa huɗu ga jela suna rigima. Biyu sun nutse mini kafin Kaka ta ce in saka musu tsingaro su hau.

Jelar ba yankewa take ba, jiki ne ke shanye ta, a kwanakin ko abinci ba ya ci. Mai ba da wannan umarni wani ruwa ne daga ƙullin wuyan nan da ke kumbura ya zama maƙoƙo a jikin mutum. Tun 1912 wani masani a Turai ya ciyar da talibambam naman wannan ƙulli, suka rikiɗe tun lokacinsu bai yi ba.

Nawa da suka gama, ko ƙwayar wake ba su fi ba. Kuma ba irin tsallen burduddugi suke ba, mai dogayen cinyoyi da ke cilla kansa tsakiyar ruwa. Kwaɗon gida ƙafarsa gajera ce, rarrafe yake, ya ɗan yi tsalle biyu uku ya zauna. Gaggawar me zai yi, alhali dafin da ke bayan idonsa ya ishi kare ya tofar da shi?

Ranar da mai ɗori ya kwance ni, ƙafar ta motse kamar sillen kara. Da sandar Malam na dogara zuwa gindin randa inda kaskon yake. Babu kowa a ciki, sai guda ɗaya a kan tsingaro da guntun jelarsa. Kaka ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Miji, kai da shi wa zai riga kai wa zaure?"

Shi ya riga ni. Yadda na koma makarantar allo da ɗingishi, da sunan da yara suka laƙaba mini, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.