Ledar da na ɗaura a ciki wai don tumbi ya narke

Samarin Garwa da Marwa, har ku na Kusiri da Njamena, da ku nake, musamman masu sa rigar ruwa ko naɗe ciki da leda su fita gudu rana na dukan ƙeya wai kitse zai narke. Na riga ku yin wannan haukan kuma wallahi ban tsinci komai a ciki ba sai ciwon kai da fitsari ja kamar shayi. Gumin nan da kuke ta murna da shi ruwa ne da gishiri kawai, babu ɗigon kitse a ciki. Ka hau sikeli ka ga kilo ɗaya ya tafi ka yi ta washe baki, ka sha ruwa kofi uku abinka ya dawo.

Wautata ta fari ma ta girmi ta leda. Bayan gasar kofin duniya ta 1990 da Roger Milla na Kamaru ya zura ƙwallo 4 yana ɗan shekara 38, duk wani yaro a unguwarmu ya zama Milla, kuma azumin shekarun nan a tsakiyar bazara ya faɗo, Maris zuwa Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40 ko kare ba ya yawo. Mu kuwa da an sallame la'asar sai fili, baki a bushe tun asuba, wanda ya ce ya gaji a yi masa dariya a ce rago ne. Wata rana ina cikin gudu lafiya lau, ƙwallo ta fita, na tsaya cak na riƙe ƙugu ina jira a ɗauko, sai kawai kunnena ya toshe, idona ya yi duhu, ban farka ba sai da na ji ƙasa a bakina ana ta yi min fifita da kwali. Wani dattijo ya ce ai filin ne ke da mutanen ɓoye, wasu kuma suka dage sai sun zaunar da ni a miƙe, duk sanda suka ɗaga ni jirin ya sake kwasata.

Sai da na yi furfura sannan ɗan ƙanwata mai karatun likita ya warware min abin da ya faru ran nan. In jiki ya yi zafi, jijiyoyin jinin da ke ƙarƙashin fata buɗewa suke don jini ya kawo zafin waje iska ta kwashe. Mutum yana zaune a inuwa, jinin da ke zuwa fatarsa bai wuce rubu'in lita a minti ɗaya ba, amma in zafi ya kai maƙura yana iya kaiwa lita 7 zuwa 8, alhali duk abin da zuciya ke turawa in kana hutawa wajen lita 5 ne a minti. Ga naman ƙafa shi ma yana neman nasa kason tunda gudu kake, ga gumi yana kwashe lita ɗaya ko biyu a awa kuma daga ruwan jinin ake cire shi, kai kuma ba ka sha komai ba. Abin da ke taimakon zuciya a wannan halin shi ne sharaɓa, duk takun da ka yi tana matse jijiya tana tura jini sama. Da na tsaya cak sai matsewar ta tsaya, jini ya taru a ƙafa da fata, ƙwaƙwalwa ta rasa nata, shikenan sai ƙasa. Shi ya sa ba a tsayawa farat ɗaya bayan gudu, tafiya ake a hankali har numfashi ya dawo, kuma wanda ya faɗi a ja shi inuwa a kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, kar a zaunar da shi. In kuwa ya fara surutan da ba kan gado, bai gane mutane, jikinsa kamar garwashi, wannan ya wuce suma, a yi ta kwara masa ruwa ana fifita a nufi asibiti da shi a lokacin, ba sai an gama tofi ba.

Leda kuma abin da take yi shi ne ta hana gumin bushewa, kuma bushewar ce ke sanyaya jiki, ba fitowarsa ba. Wato ka biya ruwan jikinka ka kuma hana kanka abin da ka saya.

Bayan na yi aure na buɗe shago a kasuwa sai na faɗa ɗaya ramin. Na ce ai motsa jiki na yara ne da ma'aikatan gwamnati masu takalmin kanbas. Tun safe ina kan benci, shayi na zuwa, goro na zuwa, taba ma na taɓa ta shekaru, in zan je masallacin da ke bayan layi ma sai na tare mashin. Tumbi ya fito aka fara ce min Alhaji tun ban je Makka ba, ni kuma ina jin daɗi. A nan ne na yi ta fama da leda na ɗan lokaci, na ga ba riba na watsar. Ranar da na raka uwargida awo wata nas ta ce bari a gwada ni, tansiyona, wato awon ƙarfin bugun jini, 16/10 (160/100 ke nan), kuma ba abin da ke min ciwo. Daga 14/9 (140/90) ake kiransa hawan jini. Wannan cutar ba ta sallama, ku sani.

Da ina ɗaukan jijiyar jini kamar tiyon famfo ce, ruwa ya bi ya wuce kawai. Ashe cikinta akwai wata ƴar siririyar shimfiɗa mai rai, in jini ya gudu da ƙarfi yana gogarta sai ta saki wani sinadari, naitirik oksaid, shi ke sa naman bangon jijiyar ya saki ta buɗe. Wani Ba'amurke Robert Furchgott ne ya gano aikin shimfiɗar a 1980, a 1998 aka ba shi kyautar Nobel tare da Louis Ignarro da Ferid Murad. Har gwajinta ake yi, a ɗaura abin awon tansiyo a hannu a matse minti 5, a saki, sannan a duba da na'urar eko irin ta masu juna biyu a ga yadda jijiyar damtse ta buɗe. Ta mai lafiya tana buɗewa sosai, ta mai shan taba ko mai ciwon suga ko hawan jini da ƙyar take motsi. To amfanin motsa jiki a nan yake, gogar nan da jini ke yi kullum kullum ita ke horar da shimfiɗar. Ba ruwanta da yawan gumin da ka zubar.

Kuma zama yana kashe ta da wuri fiye da yadda kuke zato. A jami'ar Indiyana ta Amurka an zaunar da samari masu lafiya awa 3 ba motsi, aka ga buɗewar jijiyar cinyarsu ta ragu, amma da aka sa su tashi su taka na minti 5 duk awa abin bai faru ba. Awa uku fa. Ni da nake kwashe yini a benci, ku kuma masu kabu-kabu da teloli da masu zaman majalisa kan waya ku yi wa kanku lissafi.

Za ku ji ana cewa ai bincike ya nuna zafi ma magani ne, gaskiya ne amma a bi a hankali. A jami'ar Oregon a 2016 an riƙa sa matasa marasa motsa jiki cikin ruwa mai ɗumin digiri 40.5 sau 4 zuwa 5 a mako har mako 8, jijiyoyinsu suka ƙara laushi tansiyo ya ɗan sauka, don zafi ma yana sa jini gudu ya gogi bangon. A Finlan kuma an bi maza 2,315 wajen shekara 20, masu yawan shiga ɗakin zafinsu na sauna sun fi ƙarancin mutuwar zuciya ta farat ɗaya. Amma mutanen can daga ɗakin zafi cikin sanyi suke fitowa, ga ruwan sha a hannu. Mu da dare ma bango ke huci in wuta ta ɗauke, zafin da za mu ƙara na mene ne? Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan ciwon zuciyar masu jego da wankan ruwan zafi da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta a ƙasa da kunun kanwa, don haka ƙannena mata ku ma maganar ta shafe ku, kar a ƙona ku da sunan gata.

Hunturu kuma akasin haka yake yi, sanyi na tsuke jijiyoyin fata tansiyo ya ɗan hau, shi ya sa a Disamba da Janairu ba na fita daga bargo in zuba da gudu, sai na yi tafiya jiki ya ɗumama tukun. Wanda ya ji ƙirjinsa na matsewa ko ya taɓa suma yana tsakiyar gudu ya je a duba zuciyarsa kafin ya koma fili. Marc-Vivien Foé, ɗan ƙwallon Kamaru, ya fi mu duka horo, ya faɗi ya rasu a Liyon ta Faransa ran 26 ga Yuni 2003 a wasa da Kolombiya, ashe naman zuciyarsa ne ya yi kauri fiye da kima. Masu haɗiyar tiramol don kar su ji gajiya kuwa, gajiyar nan da kuke kashewa ita ce mai gaya muku ku tsaya.

Yanzu abin da nake yi ba shi da wani burgewa. Bayan sallar asuba nake tafiya da sauri wajen rabin awa, riga mara nauyi, gorar ruwa a hannu, Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 a mako ta ce kuma ana samu ba tare da an sayi komai ba. In bazara ta shigo ina rage sauri na mako biyun farko don jiki kan ɗauki kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba da zafi. Da azumi sai bayan tarawi. Maganin tansiyon da aka rubuta min ina sha, ban bar shi don ina tafiya ba, a shago kuma na daina aiken yaro ɗauko kaya daga sito, ni nake tashi da kaina.