Kafala daga Maroko: yadda muka tsara tafiya da yadda jira ya kasance

Tun da muka dawo Amurka da ɗanmu, wanda muka ɗauko riƙo daga gidan marayu a Maroko a 2019, matan da ke kirana kan wannan magana da tambaya ɗaya suke farawa: wata nawa? Amsar da nake bayarwa ita ce jiran ba ɗaya ba ne. Akwai wanda za ki yi a ɗakinki a Amurka kina zuwa aiki kina dawowa, akwai wanda za ki yi a gidan haya a ƙasar mutane da yaro a bayanki. Shirin na farko dabam, na biyu dabam, kuma na biyun ne ke cin kuɗi da hutun aiki.

Da muka sanar a gida, abin da Inna ta fara cewa shi ne: "Ke 'yar nan, duk 'ya'yan 'yan'uwanki ba wanda za a ba ki riƙo sai kin tafi wata uwa duniya?" Tambayar tana kan hanya, don mu da riƙo muka saba. Sai dai dokar shige da fice ta Amurka ba ta san riƙo irin namu ba. Bizar da ake ba yaro ta wannan hanya ta maraya ce bisa ma'anar da doka ta shimfiɗa: wanda iyayensa suka rasu, ko suka ɓace, ko suka yasar da shi, ko wanda mahaifi ɗaya ya rage masa kuma ba ya iya ɗaukar nauyinsa har ya sallama shi a rubuce. Ɗan yayata da uwarsa da ubansa ke raye suna cikin rufin asiri bai shiga ciki ba, komai ƙaunar da ke tsakaninmu.

Maroko ta kwanta mana a rai saboda tsarinta na kafala ne. Dokarsu mai lamba 15-01 ta 2002 ta ba ma'aurata Musulmi, ko mace Musulma ita kaɗai, damar ɗaukar nauyin yaron da kotu ta tabbatar an yasar, ba tare da an mai da shi ɗan cikinsu ta fuskar nasaba ko gado ba. Wannan ya zo daidai da abin da muka karanta a Suratul Ahzab tun muna Islamiyya. Amma ƙofar ba a buɗe take wangale ba. A 2012 ministan shari'a na lokacin, Mustapha Ramid, ya fitar da takardar umarni da ke neman masu gabatar da ƙara su ƙi amincewa da kafala ga baƙin da ba mazauna Maroko ba. Bayan haka lamarin ya koma ya danganta da gari da kuma alƙali. Saboda haka kafin ki biya kowa ko sisi, ki tambayi ƙungiyar da za ta yi miki jagora a wane gari take aiki, kuma yaushe rabon da wani iyali ya fito da yaro ta hannunta. Tun watan Yulin 2014 dokar Amurka ta wajabta bin ƙungiya mai lasisi ko da ƙasar ba ta cikin yarjejeniyar Heg ta 1993 kan ɗaukar yara tsakanin ƙasashe, kuma Maroko ba ta ciki.

Jiran farko na takardu ne, kuma abin da ya fi muhimmanci a cikinsa shi ne kowace takarda tana da ranar mutuwarta. Ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ta zo gidanmu, ta duba ɗakuna, ta tambaye mu albashi da lafiya da yadda muke sasanta saɓani, ta rubuta rahoto. Rahoton nan bai kamata ya wuce wata 6 ba lokacin da za a miƙa shi ga hukumar shige da fice ta Amurka, USCIS, tare da fom I-600A na neman amincewa da cancantarku. A lokacinmu amincewar da hukumar ke bayarwa wata 18 take yi, zanen yatsu kuwa wata 15, wato yatsun kan riga amincewar mutuwa. Maigida ya samo takarda ɗaya ya jera kowace shaida da ranar ƙarewarta, ya manna a jikin firij. Da ita muka auna duk wata shawara ta tafiya, kuma ita ce ta nuna mana cewa sai mun sabunta zanen yatsu kafin mu bar Amurka.

Akwai wahalar da ta fi shafar irinmu da aka ɗaura wa aure a gida. Takardun Amurka hatimi ɗaya na apostil, mai tabbatar da takarda a ƙasar waje, ya ishe su, don Maroko ta shiga yarjejeniyar apostil a 2016. Najeriya ba ta ciki. Shaidar aurenmu ta Kano sai da ta bi ta ma'aikatar harkokin waje a Abuja, sannan aka tabbatar da ita a ɓangaren Maroko, sannan tafinta mai rantsuwa ya mai da ita Larabci. Ƙanen maigida ne ya yi ta wannan zirga-zirga, Allah ya saka masa. Idan aurenki na gida ne, da wannan za ki fara, tun kafin binciken gida. Haka fasfo: ni mai fasfon Amurka ina da kwana 90 a Maroko ba biza, shi kuwa da fasfon Najeriya da katin zama na dindindin sai da ya nemi biza. Kwana 90 ɗin nan ma na sa shi a takardar firij.

Ana nan sai kira ya zo: akwai yaro a Maknas, ya ɗan haura shekara. Namiji ne, kamar yawancin yaran da ke jira a gidajen marayun can. Abin da ban sani ba sai a lokacin shi ne yaron ma ya riga ya yi nasa jiran. Idan ba a san iyaye ba, kotu kan sa a liƙa sanarwa ta wata 3 ko wani zai fito ya ce nasa ne, kafin a yanke hukuncin cewa yasasshe ne. Ki tambaya tun a waya ko wannan hukunci ya fito. In bai fito ba, kada ki sayi tikiti tukuna.

Mun tashi daga Washinton kai tsaye zuwa Kasablanka, muka hau jirgin ƙasa daga cikin filin jirgin Muhammad na Biyar zuwa tashar Casa Voyageurs, daga nan muka canja zuwa Maknas. Tikitin da ake iya sauya masa rana muka saya. Ya fi tsada, amma ranar dawowa ba a hannunmu take ba, kuma duk wanda ya ba ki tabbatacciyar rana tun kina Amurka yana faɗa miki fatansa ne. Otal ma ba mu daɗe a ciki ba. Mun kama ɗan gida mai kicin da injin wanki kusa da gidan marayun, ana biya mako-mako, don yaro ɗan shekara ɗaya yana bukatar inda za a dama masa abinci da tsakar dare da inda za a shanya kayansa.

Abin da ya fi komai tsawaita zamanmu shi ne kalanda. Azumin 2019 ya kama a farkon watan Mayu. A Ramadan ofisoshin gwamnatin Maroko daga ƙarfe 9 zuwa 3 suke aiki, har agogon ƙasar ma ana mai da shi baya da awa ɗaya. Sai ƙaramar Salla a farkon Yuni. A gaba akwai bikin hawan sarki ranar 30 ga Yuli, sai Agusta da kotuna ke rage aiki saboda hutun shekara, kuma babbar Salla ta faɗo cikinsa a shekarar. Ƙaramin ofishin jakadancin Amurka a Kasablanka kuma yana hutun ƙasashen biyu. Ba wanda ya yi mana ba daidai ba, kowa aikinsa yake yi a kan lokacin ƙasarsa. Amma kowane mataki yana jiran wanda ya gabace shi, shi ya sa hutun kwana biyu a wuri ɗaya kan zama mako guda a wurinki. Binciken hukuma ne ke zuwa kafin alƙalin da ke kula da al'amuran yara ya ba da kafala. Bayan hukunci akwai zaman miƙa yaro a hukumance. Sai izini na dabam daga alƙali na fita da shi ƙasar waje ya zauna. Sai fasfonsa na Maroko. Ba za ki iya neman fasfon ba sai izinin yana hannunki da hatimi.

Larabcin Islamiyya ya taimake ni wajen karanta takardun kotu, amma a bakin taga Darija, Larabcin Maroko, ake yi, sai Faransanci. Ba don matar da ƙungiyarmu ta haɗa mu da ita ba, da ban san ko wane layi zan bi ba. Ita ce ta ce kullum in riƙe kwafi da yawa na kowace takarda da ƙananan hotunan yaro a jaka, kuma ta yi gaskiya, don kusan kowane tebur sai an karɓi ɗaya.

Hutun maigida ya ƙare kafin fasfo ya fito. Dokar hutun iyali ta Amurka ta 1993 tana ba da mako 12 ba albashi ga wanda ya cika sharuɗɗanta, kuma tafiya da zaman kotu duk a ciki ake cirewa. Mun zauna mun yi lissafi: idan mu biyu muka ƙone hutunmu a Maroko, wa zai zauna da yaro idan an koma? Ya ce, "Hajiya, ki zauna da shi, ni in koma in riƙe aikin. Idan kun iso sai in karɓe ki." Haka aka yi. Ranar da na raka shi tasha na dawo gida da yaron da bai gama sanina ba, na yi kuka sosai.

Amma a makonnin nan ne na san ɗana. A daren farko bai yi kuka ba ko kaɗan, kuma wannan ya fi kukan tayar mini da hankali. Sai ya zauna a gado yana jijjiga kansa gaba da baya har barci ya ɗauke shi, kamar yadda ya saba lallashin kansa a ɗakin da yara suka fi hannuwa yawa. In na miƙa hannu sai ya kau da kai. Matar da ta raine shi a gidan marayun ta ba ni wani ɗan bargo shuɗi da gefensa ya zare, ta ce kada in wanke shi tukuna, ta nuna mini yadda yake son a karkata masa kwalbar madara. Na riƙa komawa wurinta da shi da la'asar don kada rabuwar ta zo masa lokaci guda. Sannan na ɗauko zani na goya shi. Da farko ya sandare, ƙafafunsa a miƙe. Na ci gaba da goyon ina shara, ina shanya a saman soro, ina zuwa sayen burodi. Wata rana ina wanke-wanke na ji ya saki jiki ya kwantar da kumatunsa a tsakiyar bayana. Da a ce takardu sun fito cikin mako ɗaya, da a cikin jirgi da hayaniyar 'yan barka wannan yaro zai fara koyon ko ni wace ce. Ban ce jinkirin alheri ne ga kowa ba, don na ga iyalin da kuɗinsu ya ƙare suna jira. Amma tunda za a yi shi, gara a shigo da shirin cewa lokacin yaron ne, a rage yawon buɗe ido. Fas ba ta da nisa da Maknas, kuma sau ɗaya na kai shi ziyara zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani, saboda Inna ta roƙa.

Mataki na ƙarshe a Kasablanka yake, don can ake ba da bizar zama. Na miƙa fom I-600 na neman wa yaron shiga Amurka a can, jami'i ya yi nasa binciken na I-604 don tabbatar da cewa yaron maraya ne a idon dokar Amurka, sannan likitan da ofishin ya amince da shi ya duba shi. Shekarun yaro suna da tasiri a nan. Daga shekara 2 ana gwajin tarin fuka, kuma idan sakamako ya kai ga a shuka majina a ɗakin gwaji, wannan kaɗai mako 8 ne. Namu bai kai ba. Sai da na ga biza manne a fasfonsa na kira kamfanin jirgi na sa rana, na ƙara sunansa a matsayin jaririn cinya. Sun ba ni ambulan a liƙe, wanda jami'in filin jirgi a Amurka ne kaɗai zai buɗe, na sa shi a jakar hannu tare da hukuncin kafala da izinin alƙali, don 'yan sandan iyaka na Maroko suna duba izinin kafin a fita.

Bizarsa IR-4 ce, wadda ake ba yaron da aka ɗauko da hukuncin riƙo. Ma'anarta yana shiga da izinin zama na dindindin, amma ba ya zama ɗan ƙasa sai kotun jiha a Amurka ta kammala nata hukuncin na ɗaukar ɗa kafin ya cika 18. Wannan ma watanni ne, da ziyarce-ziyarcen ma'aikaciyar jin daɗin jama'a a tsakani. Mun tambayi malamai kafin mu shiga kotun, muka bar masa sunansa na yanka, kuma muka rubuta wasiyya tunda ba ya gadonmu. Rasit na jirgi da haya da tafinta duk na adana su a ambulan ɗaya, don rangwamen harajin da gwamnatin tarayya ke bayarwa, wanda a 2019 ya kai dala 14,080, ba a nemansa a kan yaron ƙasar waje sai hukuncin ya kammala. Ita ma Maroko ba ta saki hannu ba: dokarta ta ɗora wa ofishin jakadancinta bin diddigin yaron a inda yake zaune, don haka duk lokacin da muka sauya gida muna sanar da su. Alƙaluman da na kawo na lokacinmu ne, kuma dokokin biza suna yawan sauyawa, saboda haka ki duba na yau a shafin USCIS da na ma'aikatar harkokin wajen Amurka kafin ki rubuta taki takardar firij.