Haruffa uku da suka jawo wa ɗan yayata zargi

Har yau raina na ɓaci idan na tuna. Ɗan yayata ya zo mana Kano hutun ƙaramar Sallah daga ƙauye, ya ɓace a cunkoson Hawan Daushe wajen Ƙofar Kudu. Alhamdu lillahi 'yan sanda sun gano mana shi, amma ya makara komawa makarantar kwana, aka ce sai da takardar bayani da Turanci.

Ni na rubuta da hannuna: "The police searched for him." Na kai shagon buga takardu, mai bugawa ya yar da "for", ya bar "The police searched him." Hukumar makaranta kuwa ta karanta abin da ke gabanta. Jimlata tana cewa 'yan sanda sun neme shi, tasa tana cewa sun caje shi, sun laluba aljihunsa. Yaron da ko sigari bai taɓa riƙewa ba aka zaunar ana tambayarsa me aka kama shi da shi.

Da na koma shagon, cewa ya yi, "Yallaɓai, ai duk ɗaya ne." Wannan maganar ta fi kuskuren ƙona min rai. Ina ɗaya? Idan "search" ta hau kan mutum ko jaka ko ɗaki kai tsaye, shi ake bincikewa. Sai "for" ta shiga tsakani zai zama shi ne ya ɓace ake nema. Za ka iya haɗa su ma: "They searched the room for the key", ɗakin aka birkice, makulli ake nema.

Da zan sake takardar, "looked for him" na sa, don ita ba ta da wannan tarko: idan "for" ta faɗi, jimlar gaba ɗaya za ta gurgunce, kowa zai gani. Kada kuma ka ce "finding him" kana nufin nema, kamar yadda ake yawan ji a bakin ɗalibai. "Find" samu ne, sai an gama wahala.

Sai da yayata ta yi tattaki da kanta, da takarda daga ofishin 'yan sanda, kafin a bar yaron ya shiga aji. Yanzu duk abin da na bayar a buga, a tsaye nake karanta shi layi-layi kafin in biya ko sisi.