Dinamo na ta kuka, ruwa bai hau ba: inda ya kamata a fara dubawa

A yawancin gidajen da muke zaune a Makka da Jidda, ruwa ba ya zuwa famfo kai tsaye daga layi. Sai ya fara zuba a tankin ƙasa, ko daga layin unguwa ko daga wayit, wato tankar ruwa, sannan dinamo, injin tura ruwa, ya tura shi tankin da ke kan rufi, daga can ya gangaro banɗaki da kicin da nauyin kansa. Ranar da famfo ya ƙafe, mutane da yawa dinamo suke fara ɗora wa laifi, a kwance shi a je shago a sayo sabo. Sau tari sabon ma sai ya yi irin abin da tsohon ya yi, domin ciwon ba a jikinsa yake ba. Abin da ya fi hana ruwa hawa ƙananan kaya ne masu araha: raddad mai hana ruwa komawa, awwama mai kunna dinamo da kashe shi, kafasita mai tayar da motar dinamo, ko wata mahaɗa da ke shaƙar iska. Shawarata ita ce a bi ruwan ta hanyar da yake bi, daga ƙasa zuwa sama, kada a sayi komai sai an ga wurin da ya tsaya.

Kafin ka taɓa komai, kashe sakkan, wato hitar ruwa, daga makunninsa. Idan tankin sama ya ƙare, sakkan na iya zama babu ruwa a ciki, ƙarfen da ke ɗumama ruwan kuwa cikin ɗan lokaci yake ƙonewa in ya yi zafi a bushe. Sannan ka sauke bireka ta dinamo. Wurin jiƙe yake, wuta da danshi ba a yi musu ganganci.

Ɗaga murfin tankin ƙasa ka haska tocila. Ganin ruwa a ƙasan tanki bai isa ba, ka nemi bakin bututun da dinamo ke zuƙa da shi, ka ga ko yana nutse sosai. In ruwa ya sauka har bakin ya fito fili, ko ya rage 'yan santimita a kansa, iska dinamo ke ja. Maganin wannan ruwa ne kawai, a jira layi ko a kira wayit. Amma a tabbata dinamo a kashe yake har ruwan ya zo, saboda a bayan farfelarsa akwai wani sil mai hana yoyo da ruwa ne ke sanyaya shi. In ya daɗe yana juyawa a bushe sil ɗin ya ƙone, daga nan za ka riƙa ganin ɗiga tsakanin motar dinamo da kansa inda farfela take. Ana canza sil shi kaɗai, a tafi da tsohon shago a gwada girmansa.

In akwai ruwa, mayar da wuta ka saurara. Dinamon da ya yi shiru gaba ɗaya, galibi wuta ce ba ta isa gare shi ba. Bayan bireka, abin zargi shi ne awwamar lantarki da ke rataye a tankin sama. Idan ta lanƙwasa ƙasa tana kunna dinamo, idan ruwa ya ɗaga ta sai ta kashe. Ka hau ka ɗaga ta, ka sauke ta da hannu, za ka ji ƙarar ƙwallon da ke cikinta yana gangarawa, wani kuma ya tsaya ƙasa ya ji ko dinamo ya amsa. Wani lokaci igiyarta ce ta sarƙe da bututu ta maƙale a sama. Wani lokaci kuma wayar da ta bi kan rufi ce rana ta cinye, robar ta farfashe, tagullar ta yi kore. Wayar da za ta kwanta a ranar Makka dole a zura ta cikin bututun kariya, mahaɗarta kuma ta zauna cikin akwati a wajen tanki, ba a naɗe ta da salatif a bar ta tana lilo a kan ruwa ba.

In kuwa yana gurnani amma bai juya ba, kashe shi nan take, domin a wannan hali wuta yake sha wayoyin cikinsa na zafi. Abu biyu ne. Ko farfela ta cije saboda tsatsa da gishirin ruwa, wanda ya fi faruwa in an yi tafiya an bar gida makonni, ko kafasita ta mutu. Da wuta a kashe, zura sukudireba ta ragar baya ka juya fankar. In ta ƙi motsi, cijewa ce, ka yi ta motsa ta gaba da baya a hankali har ta saki. In tana juyawa sumul, buɗe akwatin da ke saman motar ka dubi kafasita. Wadda ta kumbura ko ta tsatso mai ta gama aiki, amma takan mutu ba tare da ta nuna komai ba. Kafin ka kama ta da hannu ka haɗa bakinta biyu da sukudireba mai mariƙin roba, ta sauke ragowar wutar da ta riƙe. Lambar da ke jikinta ita za ka saya, misali 10 µF, 450 V. Kada mai shago ya ce maka babba ta fi ƙarfi. Kafasitar da ta wuce ƙima tana sa mota zafi, wadda ta gaza kuma ba ta iya tayar da ita.

Hali na uku shi ya fi yawa, shi ne kuma ya fi sa mutane asara: dinamo na juyawa lafiya, ƙararsa daidai, ruwa bai hau ba. Irin ƙananan dinamon da ke gidajenmu ba sa iya zuƙo iska. Dole cikinsu da bututun zuƙa su kasance cike da ruwa kafin a kunna. Abin da ke riƙe wannan ruwa shi ne raddad da ke ƙarshen bututun cikin tanki, yana barin ruwa ya hau, ba ya barin shi ya koma. A saman kan dinamon akwai wani ɗan noti. Kashe wuta, kwance shi, ka zuba ruwa da buta a hankali har ya cika ya tumbatso. Kada ka ɗaure tukuna. Tsaya ka zuba masa ido minti biyu ko uku. In ruwan ya tsaya cak a bakin ramin, raddad lafiya yake, ɗaure notin ka kunna. In kana gani yana ja da baya yana sauka, ko ka zuba buta bayan buta bai cika ba, ruwan na tsiyayewa ta ƙasa. Nan za ka zaro bututun ka duba. Sau da yawa ɗan tsakuwa ne ko guntun leda ya tokare harshen raddad ya hana shi rufewa, wankewa kawai yake so. In robar ta taurare ko sifirin ya karye, sai sabo, na tagulla mai raga, daidai da girman bututun. Alamar da ke nuna raddad tun kafin a kwance komai ita ce gidan da kullum da safe sai an ɗura wa dinamo ruwa sannan ya ja.

Wajen mayarwa, kada raddad ya zauna a ƙasan tanki. A ɗaga shi kamar santimita 20 zuwa 30. Duk lokacin da wayit ya juye ruwa da ƙarfi yana tayar da lakar da ta kwanta, raddad na ƙasa kuwa shi zai fara haɗiye ta. Ya kyautu ma a bar ruwan ya kwanta awa ɗaya ko biyu bayan tafiyar wayit kafin a kunna.

To, akwai wadda ta fi wannan ɓoyuwa. Raddad lafiya, ka cika, ka kunna, ruwa ya taso na ɗan lokaci yana tofi da kumfa, sai ya ɗauke. Wannan iska ce ke shiga ta wata mahaɗa tsakanin tanki da dinamo. Abin da ke ruɗar mutane shi ne wurin ba ya yoyo. A ɓangaren zuƙa bututu ja yake yi ciki, don haka ramin da bai kai ya fitar da ɗigo ba yana iya shigar da iskar da za ta tsayar da aiki. Ka shafa kumfar aski ko ta sabulu mai kauri a kowace mahaɗa yayin da dinamo ke aiki, ka duba inda kumfar ke lotsawa tana shigewa. Wannan mahaɗar za ka kwance, ka kankare tsohon tef, ka naɗa sabon teflon zagaye 10 zuwa 12, kana bin hannun agogo in bakin zaren na kallonka, don kada ɗaurewa ta warware shi. In yuniyan ce, wato mahaɗa mai noti, duba zoben robar da ke ciki. Shafa silikon ta waje ɓata lokaci ne. Haka kuma bututun zuƙa kada ya fi bakin dinamo ƙanƙanta, kada ya yi doro a tsakiya inda iska za ta taru, kuma tsayin da ke tsakanin fuskar ruwa da dinamo kada ya wuce mita 7 ko 8. Wannan iyaka ta nauyin iskar duniya ce, ƙara ƙarfin doki ba ya ɗage ta.

Idan ruwa na hawa amma siriri, karanta farantin da ke jikin motar. Akwai H, tsayin da yake iya turawa a mita, akwai Q, yawan lita a minti. Babbar lambar H ita ce inda ruwan ke tsayawa gaba ɗaya, saboda haka dinamon da aka rubuta wa mita 35 ba zai ba ka ruwan kirki a mita 30 ba. Lissafa kamar mita 3 ga kowane bene, ƙara tsayin tanki da zurfin zuƙa, sannan ka bar rara saboda gwiwoyi da tsawon bututu. Gidajen Makka da ke kan dutse, inda tankin ƙasa ke can gindin gangare, sun fi buƙatar wannan lissafi. A farantin ka duba Hz ma. Wutar Saudiyya 60 ce, ta Najeriya da Nijar da Sudan 50. Dinamon 50 in aka sa masa 60 gudunsa na ƙaruwa da kashi 20 cikin 100, nauyin da ke kan motar ya ƙaru fiye da haka, ya riƙa zafi yana yankewa. Masu saya a nan su aika gida su ma su lura, na 60 in ya je kan 50 tsayin da yake turawa na komawa kusan kashi 70 cikin 100. Sannan tun 2010 aka yanke shawarar mayar da wutar gidajen Saudiyya volt 230, amma har yanzu akwai tsofaffin gine-gine masu soket na 127 kusa da na 220. A auna da mita kafin a jona.

Wani abin da ke rage ruwa bayan an yi sabon gyara shi ne haɗin koren bututun PPR. Injin narkarwa na aiki a digiri 260, bututu mai milimita 20 daƙiƙa 5 yake so, mai 25 daƙiƙa 7, mai 32 daƙiƙa 8. In aka bar shi ya wuce haka, ko aka danna shi da ƙarfi fiye da zurfin bakin mahaɗar, robar na narkewa ta taru a ciki ta toshe rabin hanya, daga waje kuma haɗin ya yi kyau. In ruwa ya ragu daga ranar da aka yi wani haɗi, a yanke wurin a leƙa.

Tankin sama ya cika amma famfo na tari? Iska ce ta maƙale a layin saukowa lokacin da tankin ya ƙare. Buɗe duk famfunan gidan, cire kan shawa, ka bar su su yi ta tofi. In wani ya ƙi, jona tiyo daga famfon da ke kusa da dinamo zuwa bakinsa, ka tura ruwa ta baya har kumfa ta fito a tanki. Maganin dindindin shi ne bututun shan iska a mafitar tanki, wanda ya miƙe sama ya ɗara tankin tsayi. In kuma famfo ɗaya ne kawai ya raunana, kwance 'yar ragar bakinsa ka jiƙa ta a ruwan kal ta kwana. Masu zama a benen ƙarshe su sani mita 10 na tsayi ne ke ba da ƙarfin ruwa na bar 1, tankin da ke mita 3 a saman shawa kuwa kusan 0.3 kawai zai bayar, ko da komai lafiya yake.

Saura gidan da ruwa ke hawa amma ba ya daɗewa. Fara da sifon na banɗaki, abin zubo wa masai ruwa: ɗiga kalar abinci a tankinsa, kada a ja, bayan minti 15 in kalar ta bayyana a cikin masai robar ƙasa ta lalace. Duba kuma ko tankin sama na ambaliya da dare. In duka lafiya, gwada tankin ƙasa. Rufe mahbas, wato makullin ruwa, na shigowa, kashe dinamo, yi alama a sanda daidai fuskar ruwa, ka sake aunawa bayan awa 24. A tanki mai mita 2 da mita 3, kowace santimita ɗaya da ta sauka lita 60 ce. Tankin da ke fitar da ruwa ta tsaga yana iya shigar da na waje ta wannan tsagar in ya yi ƙasa, kuma a tsofaffin unguwanni bayyara, wato ramin ruwan masai, ba ta da nisa da shi. Ruwan da ya canza wari a daina amfani da shi, a sanar da mai gida ko haris, mai gadin gidan, a ranar.

Gyaran cikin tankin ƙasa dai, don Allah ɗan'uwa, kada ka shiga kai kaɗai. Iskar ciki na iya yin ƙaranci ba tare da wani wari ba, tururin fentin hana yoyo kuma a rufaffen wuri yana sumar da mutum, wanda ya faɗa ceto shi ma ya bi shi. A bar murfi a buɗe, a sa fanka ta tura iska ciki, a cire wutar dinamo da ta awwama, mai shiga ya ɗaura igiya, babban mutum na tsaye a baki har ya fito. Muddin murfin na buɗe kada yaro ya kusanci wurin, in an gama kuma a mayar da shi a sa kwaɗo. Tunda an riga an buɗe, a sa wa tankin ƙasa tasa awwamar lantarki, a jona ta a jere da ta sama, a daidaita ta yadda za ta yanke wuta tun ruwa na santimita 15 a saman raddad.