Takarda ta ce otizim, shi kuma ya girma ya ce anya

Aikina koyar da yara masu buƙata ta musamman ne, a wata ƙaramar cibiya mai zaman kanta a nan Kano, yawancin yaran namu masu nauyin baki ne ko kuma waɗanda likita ya rubuta musu otizim, wato abinda ake ce wa galahanga a rediyo. A makaranta an koya mana alamomi, an koya mana cike fom, an koya mana yadda ake zama da iyaye a faɗa musu magana mai nauyi ba tare da an karya musu zuciya ba. Amma ba wanda ya koya mana me za mu ce idan yaron ya girma ya dawo da takardar a hannunsa yana tambaya ko da gaske shi aka rubuta a ciki. Kuma suna dawowa fa, yanzu da kowa ke da waya ma abin ya ƙaru.

Abu na farko da mutane ba su sani ba shi ne babu gwajin jini na otizim, babu hoton ƙwaƙwalwa da za a ɗauka a ce ga shi nan. Likita kallon yaro yake yi, ya yi wasa da shi, ya tambayi iyaye yadda ya taso, sannan ya auna abinda ya gani da littafin ƙa'ida. Ko shahararren gwajin nan ADOS da ake ji da shi, zaman da bai fi awa ɗaya ba ne da kayan wasa da tambayoyi. Toh shi kuma littafin ƙa'idar ba a tsaye yake ba. Lokacin da wani likita mai suna Leo Kanner ya fara bayanin abin a Amurka a 1943 yara 11 kacal ya rubuta a kansu. A 1994 littafin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka da ake kira DSM ya raba abin gida-gida, ga otizim, ga Asperger na masu alamomin amma bakinsu bai yi nauyi ba, ga wani da ake ce wa PDD-NOS wanda kusan ma'anarsa ita ce yaron yana da wasu alamomin amma bai cika sharuɗɗa ba. A 2013 kuma aka zo aka rushe gidajen nan aka haɗe su wuri ɗaya. Shi ya sa idan na ji ana cewa a Amurka daga yaro 1 cikin 150 a shekarar 2000 an koma 1 cikin 36 a 2020 ba na saurin cewa annoba ce, ƙofar ce aka faɗaɗa kuma masu dubawa suka ƙaru, ko da kuwa akwai wasu dalilan.

Wani saurayi da mahaifiyarsa ta haɗa ni da shi, ɗan jami'a ne yana karanta kwamfuta, takardarsa daga wani asibiti a Legas take tun yana ɗan shekara huɗu, kuma PDD-NOS ɗin nan ne a rubuce, sunan da yanzu babu shi a littafin ma. Ya ce min Anti ni fa ina da abokai, ina gane wasa idan an yi, abinda ke damuna kawai ba na iya zama in yi karatu na minti goma, makulli na ɓatar, tes na manta ranarsa, na kalli bidiyoyi a TikTok a kan ADHD duk abinda suka lissafa ni ne. ADHD ɗin shi ne matsalar rashin natsuwa da tarwatsewar hankali, a yara yana zuwa da ƙiriniya wadda ta wuce misali. Kuma gaskiya maganarsa ba shirme ba ce, don a lokacin da aka rubuta masa takardar nan ƙa'ida ba ta yarda a haɗa wa yaro otizim da ADHD ba, dole likita ya zaɓi ɗaya, sai a 2013 aka cire wannan sharaɗin saboda an ga cewa su biyun suna yawan zama a jikin mutum ɗaya.

Ni ba likita ba ce, ba hurumina ba ne in ce masa kana da shi ko ba ka da shi, na faɗa masa haka. Amma aikin nan ya koya min cewa saurayi ɗan shekara ashirin da ke zaune a gabanka ba zai iya zama shaida a kan yaro ɗan shekara uku ba, ko da kuwa shi ne yaron. Sharaɗin otizim shi ne alamomin su kasance tun ƙuruciya, shi kuma bai tuna ƙuruciyar ba, abinda ya sani shi ne kansa na yau wanda ya sha horo da gyara da kwaikwayon mutane shekara da shekaru. Sai na ce a haɗa ni da wanda ya raine shi. Mahaifiyar ta ce ai ɗan fari ne, ba ta wani sa masa ido ba don kunya, yawanci a ɗakin kakarsa yake wuni. Muka je wajen tsohuwa.

Na gaishe ta na ce Hajiya ya yaron nan yake yana ƙarami, wallahi kamar jira take. Ta ce murafan kwalbar lemo yake tarawa ya jera su a bakin tabarma tun daga wannan kusurwa har waccan, in kaza ta bi ta kai ta ture ɗaya sai ya yi ta ihu yana buga kansa da ƙasa har sai an mayar da shi daidai inda yake, ba kusa da wurin ba, daidai wurin. In aka tada injin markaɗe a maƙota ya toshe kunne ya shige ƙarƙashin gado. Tuwo in miya ta taɓa shi ya bar shi kenan. Na ce Hajiya in jirgi ya wuce yana nuna miki da yatsa ya waigo ya ga ko kin gani? Ta yi shiru ta ce a'a, ƙannensa dai sun yi haka, shi in yana son abu hannunta yake kamawa ya ɗora a kai kamar hannun ba na mutum ba ne. Da ya fara magana kuma tallan rediyo yake maimaitawa kalma da kalma har da muryar mai tallan, amma ka ce masa ya sunanka sai ya ce maka ya sunanka. Shi yana zaune yana ji, ya ce wallahi ko ɗaya bai tuna ba.

Daga baya ya je wajen likitan ƙwaƙwalwa da wannan bayanin a rubuce, likitan ya bar masa otizim ɗin ya ƙara masa ADHD a kai, ya ɗora shi a magani na natsuwa. Bai ji daɗi ba sam, don shi so yake a goge. Sai da muka yi hira sosai na gane ba wai sunan ciwon ne ya dame shi a ilimance ba, aure yake tunani, ya san in an zo bincike wani a dangi zai ce ai yaron nan yana da matsalar ƙwaƙwalwa tun yana yaro har Legas aka kai shi, shi kuma a ganinsa ADHD ya fi sauƙin faɗa, kamar ma abin gayu ne a intanet yanzu. Ban ga laifinsa ba. Da yawa cikin masu shakkar takardarsu a wurinmu ba likitan suke tuhuma ba, bakin mutane suke gudu.

Amma kar wani ya ɗauka kullum takarda ce ke da gaskiya. An taɓa kawo mana wata yarinya 'yar shekara biyar da otizim a rubuce, ba ta magana, ba ta waigowa in an kira ta, tana da saurin fushi. Sati na farko na lura yarinyar nan bakina take kallo kamar za ta cinye shi, in ta samu 'yartsana sai ta kawo min ta ɗaga ta tana dariya tana jiran in yi dariya, in wani yaro ya faɗi ita ce ta farko da za ta ja ni ta nuna min shi. Na tambayi uwar ko an taɓa auna mata ji, ta ce ai tana ji, in an buga ƙofa tana firgita. Ƙofar ƙarfe ce, girgizar take ji a ƙasa. Da aka tono sai ga shi ta yi sanƙarau tana 'yar wata goma sha ɗaya, aka kai ta gwajin kunne aka samu jin nata ya tafi sosai. Yanzu tana makarantar kurame tana zuba surutu da hannu. A yankinmu da sanƙarau ke zagayowa lokacin zafi, ga shawarar jarirai da ake zama da ita a gida ana shanya yaro a rana, ga maleriya mai hawa ƙwaƙwalwa, ga allurar jentamaisin da ake yi barkatai a kyamis wadda ita ma tana iya taɓa kunne, ni dai a ganina duk yaron da ba ya magana kunnensa ya kamata a fara aunawa kafin a sa masa kowane suna. Rashin magana kamar zazzaɓi ne, maleriya na kawo shi taifot na kawo shi, ba daga zafin jikin ake gane wanne ne ba.

Su kansu tambayoyin tantancewar akwai inda suke karo da yadda muke rayuwa. Fom ɗin tantance otizim na M-CHAT-R da ake yi wa yara 'yan wata 16 zuwa 30 tambayoyi 20 ne, a ciki akwai ko yaro na amsawa in an kira sunansa. Toh wane sunan? Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, in sunan kakansa aka sa masa duk gidan ba mai faɗa sai dai Abba ko Baffa ko Khalifa, sai a zo asibiti ma'aikaci ya duba kati ya kira sunan yanka yaro ya yi banza da shi a rubuta ba ya amsawa. Haka kallon ido. Ɗan shekara biyu bai san kunya ba, in ba ya kallon idon uwarsa wannan abin dubawa ne. Amma mu yaranmu ba a kawo su a shekara biyu, sai sun kai bakwai ko takwas an gama ruƙiyya da hayaƙi da rubutun sha, a lokacin kuma an riga an koya wa yaro cewa zuba wa babba ido rashin tarbiyya ne, ya sunkuyar da kai gaban likita shi a wurinsa ladabi ya yi. Ni yanzu ba na auna wannan da kaina, leƙensa nake yi yana wasa da sa'anninsa.

Sauran matsalolin masu kama da otizim suna da yawa, ba zan iya bin su duka ba. Akwai yaron da a gida aku ne amma a makaranta ko uffan, wannan tsoro ne ke ƙulle masa baki. Akwai waswasi, wanda daga nesa yake kama da maimaita abu irin na otizim, bambancin da na lura da shi shi ne mai otizim in yana jera kayansa hankalinsa kwance yake, mai waswasi kuwa yana sake alwala sau goma yana kuka shi kansa ya gaji da abin. Akwai wata irin farfaɗiya da ke ɗauke wa yaro maganar da ya riga ya iya, wani lokacin ba a ma ganin faɗuwar sai an yi gwajin ƙwaƙwalwa yana barci. Akwai kuma yaran da ba su samu kulawa ba ko suka ga tashin hankali. Bayan faɗuwar gwamnatin Ceausescu a Romaniya a 1989 an kwaso yara daga gidajen marayu inda aka bar su a gado ba mai ɗauka ba mai yi musu magana, wani likita Michael Rutter da abokan aikinsa a Ingila suka bi waɗanda aka kai can riƙo, suka samu wasu da alamomi kamar na otizim sak, amma da yawansu alamomin sun ragu bayan sun zauna a cikin iyali. Ina tuna wannan duk lokacin da aka kawo mana yaro daga iyalan da rikici ya koro daga garuruwansu.

Sannan akwai waɗanda takardar tasu daidai ce a lokacin amma da suka girma ba su cika sharuɗɗan ba kuma. Deborah Fein ta jami'ar Connecticut ta fitar da bincike a 2013 a kan mutum 34 irin haka, an duba tsofaffin fayil ɗinsu an tabbatar da gaske suna da shi suna yara. Iyaye na son jin wannan labarin, ni kuma ina ɗari-ɗari da ba da shi, don ba su ne mafiya yawa ba, kuma akwai wanda ba rabuwa ya yi da abin ba ɓoyewa ya koya, musamman 'yan mata, ka ga yarinya shiru-shiru ana yabonta da kunya da kawaici alhali in ta dawo daga biki sai ta kulle kanta a ɗaki ta wuni ba ta son jin motsin kowa.

Waɗancan mutum 34 ɗin an iya duba su ne saboda fayil ɗinsu na nan. Mu namu fayil ɗin kaka ce, in ta rasu ya tafi, katin asibiti kuwa ko ruwa ya jiƙa shi ko ya ɓata a tashi daga gidan haya. Don haka yanzu kowane yaro a ajina yana da littafinsa mai shafi 60 ɗin nan na 'yan firamare, ba na rubuta sunan ciwo a ciki, abinda ya yi nake rubutawa da kwanan wata, yau ya nuna kyanwa da yatsa ya kalle ni, yau janareta ya tashi ya toshe kunne, yau na kira shi da sunan gida daga bayansa ya waigo. In uwa ta zo ɗaukarsa ina ce mata Maman wane ki riƙa yi masa ɗan bidiyo yana wasa ko na minti ɗaya ne, takardar likita da sakamakon gwajin kunne kuma ki ɗauke su hoto ki tura wa babansa da wata 'yar'uwarki a WhatsApp saboda waya na faɗawa ruwa. Wasu na yi wasu kuma sai na yi ta tuni, akwai uban da ya ce min shi ba ya son a ajiye abinda wata rana za a nuna wa surukai, na ce masa toh Alhaji littafin na wurina a kabad duk ranar da kuka so ku zo ku karɓa, har yanzu dai bai aiko ba.