Darussan da Na Koya a Ɗakin Adana Sauti: Kaset-kaset ɗin Memphis da Amanar da Aka Ci

A ƙarshen watan da ya gabata na miƙa makullin ɗakin adana sauti na jami'ar da na yi wa aiki a kudancin Amurka, bayan an aiko mini da takarda cewa ba za a sabunta kwantiragina ba. 'Yan uwa ɗalibai da muke zaune tare a wannan gari sun san ɗakin da ƙa'idojinsa, wasu ma sun taɓa yin aikin wucin gadi a cikinsa, saboda haka ba sai na tsaya bayanin yadda ake juye tsohon kaset cikin kwamfuta ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne tambayar da ake ta yi mini, wato me ya haɗa ni da shugabar sashenmu, kuma me ya sa mutum irina, wanda bai taso da sauraron gambarar Amurka ba, ya yarda ya rasa hanyar abincinsa a kan waƙoƙin da jama'a da dama ke ce wa na shaiɗanu.

Tarin da aka damƙa mini na mawaƙan gambarar birnin Memphis ne na farkon shekarun 1990, salon nan mai duhu da ake kira horrorcore, wanda gidajen rediyo ba sa sakawa a lokacin. Babu wanda ya so aikin a sashenmu, shi ya sa ya faɗo kaina ni baƙo. Samari ne suka haɗa waɗannan waƙoƙi a ɗakunan kwanansu, da ƙaramar na'urar ɗaukar sauti mai layi huɗu da injin kiɗa mai fitar da amon gangar nan mai nauyi ta Roland TR-808. Sukan yanko ɗan guntun kiɗan fim ɗin ban tsoro su rage masa gudu, su ɗora muryar mutum tana maimaita kalma biyu ko uku har sai ta zauna a kan mai sauraro. Sannan su juye kaset daga kaset, su sayar hannu da hannu a makarantu da shagunan da ake haɗa wa motoci lasifika, kuma kowace juyawa tana ƙara wa sautin shuu da dusashewa. Daga cikin wannan duniya ne sunaye irin su DJ Spanish Fly da DJ Squeeky da Tommy Wright III suka fito, haka kuma DJ Paul da Juicy J, waɗanda ƙungiyarsu ta Three 6 Mafia ta fitar da kundin Mystic Stylez a 1995, ta kuma ci kyautar Oscar a 2006. Ba Memphis kaɗai ke da salon ba, domin akwai Geto Boys a Houston, da Esham a Detroit, da Gravediggaz a New York, amma na Memphis ya fi kowanne zama a ɓoye, kuma yawancin masu yin sa babu wanda ya taɓa rubuta sunansu na gaskiya a ko'ina.

Sai da na karanta tarihin garin kafin kunnena ya buɗe. Kamfanin waƙa na Stax, wanda baƙaƙen fatar Memphis ke tinƙaho da shi, ya durƙushe a 1975. Masana'antar taya ta Firestone ta rufe a 1983, ta kayan noma ta International Harvester ta bi bayanta a 1985, dubban magidanta suka wayi gari babu aikin yi. Cikin wannan hali ne samfurin hodar iblis mai arha da ake zuƙar hayaƙinta ya mamaye unguwanni, kuma a shekarar 1993 kaɗai an kashe mutum 213 a birnin, adadin da ba a wuce shi ba sai a 2016. Yaran da ke magana a cikin kaset-kaset ɗin nan a tsakiyar wannan suka tashi. Idan ka daure ka wuce kurari da zagi, abin da za ka riƙa ji shi ne saurayin da barci ya gagare shi, yana leƙen titi ta labule, yana lissafa abokansa da aka binne, yana zargin kowa har da inuwarsa. Tsoro ne ya fi yawa a cikinsu, sai dai an yi masa rigar jarumta domin a unguwar da suke babu wanda ke iya cewa yana jin tsoro ya kwana lafiya.

Wata rana wata dattijuwa ta zo da kwalin takalmi cike da kaset. Na ɗanta ne, wanda aka harbe tun yana saurayi, kuma ta ji cewa muna tattara irinsu. A jikin kowane kaset an rubuta laƙabinsa da alƙalami mai kauri, da sunan unguwarsu, da shekarar da ya yi shi. Ta gaya mini cewa ita mai zuwa coci ce, ba ta taɓa son abin da yake rerawa ba, sun sha yin faɗa a kai, amma muryarsa ba ta rage a ko'ina ba sai a nan. Na saka mata ɗaya ta saurara. A ƙarshen fuska ta biyu yaron ya manta bai kashe na'urar ba, sai ga muryarta ita kanta daga wani ɗaki tana kiransa ya zo ya ci abinci, shi kuma ya amsa da ladabi, da muryar da ba ta yi kama ko kaɗan da ta mai kurarin da muka gama ji ba. Ta riƙe hannuna ta ce, “Ɗana, ka yi mini alkawari ba za a mayar da shi abin kallo ba.” Na ce, “Mama, na yi miki alkawari.” Na rubuta sharaɗinta a takardar karɓa da hannuna, ta sa hannu, na kai wa shugaba ita ma ta gani.

Bayan wasu watanni shugabar ta shirya baje kolin tarin a shafin jami'a na intanet, ta zaɓi ƙarshen watan Oktoba, lokacin bikin Halloween, saboda a cewarta a sannan ne mutane ke neman abin tsoro, kuma yawan masu ziyara shi ke jawo tallafin kuɗi. Ta sa aka yi wa shafin ado da ƙoƙunan kai da jan launi, aka yi masa take da ke danganta waƙoƙin da bautar Iblis. Daga kowane kaset ta sa aka yanko daƙiƙa talatin mafi muni, aka jefar da abin da ya zo kafinsu da abin da ya biyo baya. Dogon bayanin da na rubuta a kan kowane mawaƙi da unguwarsa da shekararsa, wanda na tattaro ta hanyar bin tsofaffin masu shaguna da 'yan uwan mamata, aka cire shi da hujjar cewa ya yi tsawo. Ta kuma ba da umarnin a wanke sautin a kawar da shuu ɗin, alhali duk wanda ya san aikin ya san cewa wannan dusashewar ita ce shaidar hannu nawa kaset ya bi, kuma masu neman salon a yau ita suke nema. Kaset ɗin ɗan dattijuwar nan shi aka sa a sahun farko.

Na same ta a ofis na ce, “Dakta, akwai sharaɗi a kan wannan kwali, kuma kin gani.” Ta amsa cewa abin da na rubuta da hannu ba ya cikin takardar da lauyoyin jami'a suka tsara, don haka bai ɗaure kowa ba. Ta ƙara da cewa ni baƙo ne, ban fahimci al'adar ƙasar ba, kuma wataƙila addinina ne ya sa nake ɗaukar abin da zafi. Wannan maganar ta fi komai yi mini ciwo, domin akasinta ne gaskiya. A matsayina na Musulmi ban taɓa jin daɗin kalaman da ke cikin waɗannan waƙoƙi ba, kuma ba zan wanke su ba, saboda akwai cin mutuncin mata a cikinsu wanda babu talaucin da zai zama uzurinsa, akwai kuma wasa da sunan Shaiɗan da ke tayar mini da tsigar jiki har yau. Amma addinin nan da ta ambata shi ne ya koya mini nauyin amana, da haramcin yi wa mutum ƙazafi ko da ya mutu. Yaron nan ya yi kurari, bai bauta wa kowa ba. Wanda ya taɓa jin kirarin ɗan dambe ko na mafarauci ya san cewa mutum kan kira kansa mai kashe maza ba tare da ya taɓa zubar da jinin kowa ba, kuma babu mai hankalin da zai ɗauki kirari ya kai gaban alƙali a matsayin iƙirarin laifi.

A Amurka kuwa liƙa wa mutum irin wannan suna ba wasa ba ne, kuma shugabar ta fi ni sanin haka. A 1993, a garin West Memphis da ke tsallaken kogin Mississippi, an kashe yara uku, aka kama samari uku aka gina tuhumarsu a kan zargin tsafi, har aka kawo baƙaƙen tufafinsu da kiɗan da suke saurara cikin hujjoji, kuma ba su fito daga kurkuku ba sai a 2011. A wannan shekarar ta 2011 ne hukumar binciken laifuka ta Amurka, FBI, ta saka masoya ƙungiyar mawaƙan horrorcore mai suna Insane Clown Posse ta Detroit cikin rahotonta na gungun 'yan daba. Masu gabatar da ƙara sun daɗe suna karanta baitocin gambara a kotu domin nuna cewa wanda ake tuhuma mugu ne, har sai da jihar California ta yi dokar taƙaita hakan a 2022. Wasu daga cikin waɗanda muryoyinsu ke cikin tarinmu suna raye, sun manyanta, suna da 'ya'ya da wuraren aiki. Duk wannan na rubuta mata a takarda, na aika kwafi ga kwamitin da ke sama da ita.

Kwamitin bai kira ni ba. An buɗe shafin kamar yadda ta tsara, jaridar jami'a ta yaba mata da ceto wani ɓoyayyen tarihi, kuma ba a ambaci sunana ko sau ɗaya ba, ko da yake babu kaset ɗin da ke wurin wanda ba hannuna ne ya gyara zarensa ya juye shi ba. Jikar dattijuwar ce ta ga shafin ta nuna mata. Ni na je gidanta da ƙafata na gaya mata yadda aka yi, na kuma nuna mata hanyar da za ta bi ta nemi a mayar mata da kayanta, domin haƙƙinta ne. Ta nema, aka sauke kaset ɗin daga shafin, aka mayar mata da kwalinta. A takardar tantance aikina ta ƙarshen shekara aka rubuta cewa ba na aiki da abokan aiki yadda ya kamata, kuma na yi hulɗa da mai ba da kyauta ba tare da izini ba. Daga nan na san inda aka dosa.

Babban abin da na koya shi ne cewa a irin wannan aiki alkawarin ƙaramin ma'aikaci ba shi da nauyi sai ya shiga takardar da hukuma ta amince da ita. Wanda zai gaje ni, idan wani ya kawo masa kayan mamacinsa da sharaɗi, kada ya karɓa sai an shigar da sharaɗin cikin yarjejeniyar da lauya ya sa wa hannu, ko da hakan zai sa mai kayan ya koma da abinsa gida. Gara kaset ya ci gaba da zama a ƙarƙashin gado da a miƙa shi ga wanda ba ya ganin mutum a bayan muryar. Na kuma koyi cewa mai digiri da yawa yana iya rubuta maƙala a kan wahalar baƙar fata, ya kuma sayar da wannan wahalar idan lokacin neman tallafi ya zo, ba tare da ya ga karo tsakanin biyun ba.

Sauran darussan gajeru ne. A saurari kaset daga farkonsa zuwa ƙarshensa kafin a rubuta masa bayani. A adana kwafin farko yadda ya zo, kada a taɓa shi ko wane ne ya ba da umarni. A ajiye kwafin duk wata takarda da aka aika wa na sama. A tambayi mutanen unguwa kafin a tambayi littafi, domin tsohon mai shagon lasifika ya gane mini muryoyin da babu wani kundi da ya san su. Kada mutum ya yi sauraron irin wannan sauti yini guda ba hutawa, saboda duhunsa yana bin mutum gida.

Kwafin asali na dukkan tarin yana nan yadda na ɗauke shi, da shuu ɗinsa da komai, domin ban goge shi ba lokacin da aka ce a wanke. Bayanan da aka cire daga shafin su ma suna cikin rumbun sashen, kowanne da sunana da ranar da na rubuta shi, kuma na bar wa sabon ma'aikacin jerin kaset-kaset ɗin da har yanzu ba a gano masu su ba, tare da unguwannin da ya kamata ya fara tambaya.