Ranar da na auna bangon Monadnock da kamu

Shekara tara ina koyar da darasin gini a wata kwalejin fasaha, kuma duk zangon da muka zo kan tarihin dogayen benaye, karatu ɗaya nake biya wa ɗalibai: gobara ta cinye Chicago a 1871, fili a tsakiyar gari ya yi tsada, lifta ta samu, ƙarfe ya yi araha, sai gini ya miƙe sama. Nakan daɗe a kan Home Insurance Building na William Le Baron Jenney, mai hawa goma, wanda aka gama a 1885 aka rushe a 1931. Shi kuwa Monadnock, wani tsohon dogon bene a Chicago, layi biyu nake ba shi, in ce bene ne na bulo zalla, babu ƙarfe a jikinsa, in wuce. Haka na samu a takardun da na gada, ban taɓa bin diddigi ba.

Da wani taron aiki ya kai ni Amurka, sai na ware yini guda na shiga tsakiyar Chicago da ƙafa. Ginin yana kan titin Jackson, ya miƙe tare da titin Dearborn har Van Buren, inda jirgin ƙasan da ke bi ta kan gada yake wucewa da ƙara kamar zai shiga tagogin mutane. Na taho da niyyar auna kaurin bangon, sai da na tsaya a gindinsa na tuna tef ɗin awona yana cikin jaka a masauki.

Mahaifina magini ne, na ƙasa da tubali, a hannunsa na koyi kamu tun kafin in san inci. Sai na naɗe hannun riga a cikin sanyin nan, na ɗora gwiwar hannu a bakin wata taga ta ƙasa, na fara ƙirgawa. Wata mata da ta fito daga shago riƙe da kofin kofi ta tsaya tana kallona, na yi kamar ban gan ta ba. Gilashi ya tare ni ban kai ƙarshe ba, sai da na shiga ciki na ƙarasa da ido. Abin da littattafai suka ce shi ne ƙafa 6 a gindi, inci 18 a can sama, wato kamu huɗu a ƙasa, kamu ɗaya a ƙoli. Na sha rubuta wannan adadi a allo, amma ban san nauyinsa ba sai da na ga taga ta koma kamar bakin rijiya da aka kwantar.

Nan take na kira gida.

"Baba, ga ni gaban wani bene mai hawa goma sha shida, bangonsa ne ke ɗauke da shi. Gindin kamu huɗu."

"Saman fa, Injiniya?"

"Kamu ɗaya."

Ya yi dariya. "To ai namu ne. Haka ake tayar da bango, ka ba shi gindi ka rage masa kai. Amma ƙasar wurin ta iya ɗaukarsa?"

Tambayar da ban taɓa yi a aji ba ke nan, tsoho ya yi ta daga kan tabarmarsa. Ƙasar Chicago laka ce mai ruwa. Masu zanen, Burnham da Root, sun san da haka, suka shimfiɗa masa faffaɗan harsashi na kankare da ƙarafan dogo, har suka yi lissafin zai nutse inci 8. Ya zarce lissafinsu, zuwa 1948 ya sauka kusan inci 20.

A ciki ne na ji kunya. Bangon waje na bulo ne, gaskiya, amma ginshiƙan ciki da azarar da ke riƙe da daɓen kowane hawa ƙarfe ne, har da ɗaurin da aka yi masa don kada iska ta girgiza shi. Wato shekara tara ina faɗa wa yaran mutane abin da ba haka yake ba, suna rubutawa a jarrabawa ina ba su maki.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda kuɗi ya zana ginin nan. Masu shi 'yan'uwa ne biyu attajirai daga Boston, Peter da Shepherd Brooks, wakilinsu a Chicago kuma Owen Aldis. Peter Brooks ba ya son ado a jikin bango, don a ganinsa wurin taruwar datti ne da sheƙar tattabaru. Shi ya sa rabin ginin na arewa, wanda aka fara ginawa aka gama a 1891, ya fito sumul: bulo mai duhu, gindi ya ɗan baje, kai ya ɗan buɗe, sai jerin tagogin da suka turo ciki waje. Ni a idona ya fi maƙwabtansa masu kwalliya kwarjini, kodayake ɗan magini ne ke magana. An yi shi siriri don kowane ofis ya samu hasken rana. Root bai ga kammaluwarsa ba, ya rasu a watan Janairun 1891 yana da shekara 41.

Ana cikin haka masu ginin suka so ƙari, suka ba wa Holabird da Roche rabin kudu, aka gama a 1893. Na bi doguwar barandar ciki daga wannan kai zuwa wancan, ina duba zurfin tagogi. A ƙarshen kudu an koma ƙashin ƙarfe, bango ya zama riga kawai. Shekara biyu ce tsakani, masu kuɗi ɗaya, titi ɗaya. Bulo bai gaza ba, ga shi tsaye da hawa goma sha shida har yau. Matsalarsa ita ce bangon kamu huɗu yana cin wuri a hawan ƙasa, inda shaguna suke, inda haya ta fi tsoka, kuma yana rage tagar da ɗan kasuwa zai baje kayansa. Duk wanda ya taɓa jin cinikin shago a Kantin Kwari ya san abin da taku ɗaya yake nufi a bakin hanya.

Hotunan da na ɗauko ba su yi kyau ba, titunan sun matse, wayar ta kasa haɗiye ginin gaba ɗaya. Wanda na fi amfani da shi yanzu shi ne na hannuna a bakin tagar nan.

Da na dawo na yage shafin Monadnock daga takarduna na sake rubuta shi, na kuma faɗa wa 'yan ajin da ke gabana cewa abin da na koya wa yayyensu kuskure ne. Mako na gaba na kwashe su zuwa cikin birni, gidan Baba, na ce kowa ya bar tef a aljihu. Ya sa su auna gindin zaurensa da kamu, sannan ya aika ɗaya ya ɗauko tsani ya auno saman.